Zuciyar mace ma tsoka ce

Ranar da ciwon ya kama Alhaji, mijin gwaggona, yana zaune ne a majalisarsu ta bakin kasuwa a nan Garwa, arewacin Kamaru, bayan la'asar. Ya dafe ƙirji ya ce wa na kusa da shi, "Malam, riƙe ni." Kafin ka ce me, mota biyu sun tsaya ana gardamar wadda za a sa shi a ciki. Ba a yi rabin awa ba yana kan gadon asibiti, an tuɓe masa riga, an liƙa masa wayoyin nan a ƙirji, na'ura tana zana bugun zuciyarsa a doguwar takarda, awon da ma'aikatan asibitinmu ke kira elektiro. Likita ya duba ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe. Aka yi masa allura a daren, bayan 'yan kwanaki aka sa shi a jirgi zuwa Yaunde, aka zura masa wani ɗan siririn ƙarfe da zai riƙe jijiyar a buɗe. Abokan kasuwa suka yi karo-karo. Yana nan da ransa, sai dai an raba shi da kitse da romon ganda.

Bayan shekara biyu ciwon ya dawo gidan, wannan karon ɗakin Gwaggo ya shiga.

Shekarunta 58, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana da ciwon suga da hawan jini, tansiyo dai kamar yadda muke cewa. Alhaji ya tafi kasuwar shanu ta Adumri, can zai kwana. Bayan isha'i ta ce wa 'yarta ƙirjinta ya yi nauyi kamar an kifa mata turmi. Zufa na keto mata, ta yi amai sau biyu, muƙamuƙinta na ciwo har ta zaci haƙori ne. Yarinyar ta ce, "Inna, mu tafi asibiti." Ta ce, "Da daren nan? Babanku ba ya gari. Gastirik ɗina ce ta tashi, jiƙo mini kanwa." Gastirik dai shi ne abin da muke kira ciwon gyambon ciki.

Sai yarinyar ta kira ni, don ni ne ɗan bokon dangi, ni ake kawo wa takardar asibiti da ta makaranta in karanta. Na ji amai da zafin ƙirji, na ce, "Ki ba ta maganin gastirik ɗin, gobe in Allah ya kai mu zan leƙo." Na ajiye waya na koma barci. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya zaci ina kan tudun mun tsira.

Da safe aka ɗauke ta a moto, wato babur, zuwa wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, me ke damun ku?" Ta ce, "Ba komai, ɗana, 'yar gastirik ce da gajiya." Aka gwada zazzaɓin cizon sauro, aka auna tansiyo, aka rubuta mata maganin ciki a karne, wato ɗan littafin asibiti. Ya tambaye ta ko akwai abin da ke ɓata mata rai a gida, ya ce ta rage tunani. Sai a kwana na uku, da numfashi ya fara gagararta in ta kwanta, Alhaji kuma ya dawo, aka kai ta inda ake elektiro. Nan ma sai da aka ɓata kusan awa guda, domin namiji ne a kan na'urar, ita kuwa ta ƙanƙame mayafinta ta ce sai dai a nemo mace. Likitan ya ja mu gefe ya ce wani ɓangare na tsokar zuciyar ya riga ya mutu, abin da ya rage shi ne lallaɓawa. Wata bakwai ta yi tana fama da haki da kumburin ƙafa. Allah ya jiƙanta da rahama.

A zaman makoki na ji magana iri biyu. A waje maza na cewa lokaci ne ya yi. A cikin gida mata na raɗa cewa ciwon zuciya ne, baƙin cikin ɗanta da ya ƙi zama wuri ɗaya ne ya kashe ta. Wannan ta biyun ce ta tsaya mini, don a nan na ga yadda bakinmu da kansa yake yaudararmu. In aka ce Alhaji wane yana da ciwon zuciya, kowa ya san maganar likita ce da jirgi da kuɗi. In aka ce Hajiya wance ce, sai a fara lissafin kishiya, da 'ya'ya, da halin miji. Zuciyar namiji muna ɗaukar ta gaɓa ce a jiki. Ta mace kuwa mun mayar da ita rumbun haƙuri da ɓacin rai, har mun manta cewa ita ma tsoka ce mai jijiyoyi, kuma jijiya tana toshewa ko mai ita tana cikin jin daɗi.

Abin da ake kira bugun zuciya ba shi da wuyar ganewa. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini, shekara da shekaru, wata rana ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Daga wannan lokacin tsokar da ke gaba da toshewar ta fara mutuwa, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Allurar da ke narkar da gudan jinin ta fi aiki a awannin farko, in an wuce awa 12 amfaninta ya yi ƙaranci ƙwarai. Shi ya sa ƙa'idar likitocin zuciya ta ce duk wanda ya shigo da ciwon ƙirji a yi masa elektiro cikin minti 10. Alhaji ya samu nasa cikin rabin awa. Gwaggo ta samu nata bayan kwana uku.

Bayan rasuwarta na shiga karance-karance, irin na mai neman abin da zai wanke kansa da shi. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne, hatta ƙasashen da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida suna da wannan tabon. A 2016 masu bincike a Jami'ar Lids ta Ingila sun bi bayanan masu bugun zuciya kusan 600,000, suka ga cewa haɗarin a fara ba wa mace sunan ciwon da ba shi ba ne ya fi na namiji da kashi 50 cikin 100. A 2019 gidauniyar zuciya ta Birtaniya ta ce mata sama da 8,200 ne suka mutu cikin shekara goma a Ingila da Wales, waɗanda da an ba su kulawa irin ta maza da sun rayu. A Suwidin aka bi mutum sama da 180,000, aka ga mata sun fi mutuwa bayan ciwon, amma da aka kwatanta waɗanda aka yi wa magani iri ɗaya, sai mafi yawan tazarar ta rufe. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi yi mini ciwo. Da a ce halittar mace ce ke kashe ta, sai mu ce haka Allah ya yi. To ga shi an nuna cewa babban kaso na abin yana hannun mutane.

Tarihin ma akwai abin kunya a cikinsa. Shahararren gwajin da aka yi a Amurka kan ko asfirin na kare mutum daga bugun zuciya, wanda aka kammala a ƙarshen shekarun 1980, likitoci 22,071 aka yi shi a kansu, duka maza, ko mace ɗaya babu. A 1991 Dakta Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci hukumar binciken lafiya ta ƙasar, ta rubuta cewa mace ba ta samun kulawar zuciya sai ta nuna ciwonta ya yi kama da na namiji. Sai a 1993 aka yi dokar da ta tilasta sa mata a binciken da gwamnatinsu ke biya. Da aka gwada asfirin ɗin a kan mata kusan 40,000, sakamakon da ya fito a 2005 bai zo daidai da na maza ba. Haka awon jinin da ake kira tiroponin, wanda ke nuna tsokar zuciya ta ji rauni: a Edinbara ta Birtaniya, a 2015, da aka yi amfani da awo mai kaifi aka kuma rage ma'aunin ya dace da jikin mace, matan da aka gano suna da bugun zuciya suka tashi daga kashi 11 zuwa 22. Wato rabinsu a da ba a gano ciwon nasu. Da littattafan da aka gina a kan irin wannan binciken na maza aka koyar da likitocinmu a Yaunde da Duwala da Faransa.

Akwai wata magana da ke yawo a WhatsApp wadda nake so in taka wa birki, wai mace ba ta jin ciwon ƙirji in bugun zuciya ya kama ta. Ba haka ba ne, kuma maganar na iya kashe wata. Binciken Edinbara na 2019 ya samu ciwon ƙirji a kashi 93 na matan da kashi 93 na mazan. Bambancin shi ne mace ta fi haɗa shi da wasu abubuwan, amai, haki, ciwon baya ko wuya ko muƙamuƙi, kasala, sai ciwon ƙirjin ya ɓace a cikin hayaniyar. Kuma ta fi saurin ba shi wani suna da kanta. Gwaggo ta faɗi turmin da aka kifa mata tun daren farko. Mu ne muka ji amai muka bar turmin. A wani bincike na Amurka kan masu shekara 55 zuwa ƙasa, cikin waɗanda suka fara zuwa neman magani kafin a kwantar da su, kashi 53 na mata sun ce ma'aikacin bai ɗauka zuciya ba ce, maza kuwa kashi 37.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Maza sun fi kamuwa da ciwon nan, kuma da wuri yake kama su. Babban binciken da aka yi a ƙasashe 52, har da wasu na Afirka, ya nuna tsakiyar shekarun bugun farko 56 ne ga namiji, 65 ga mace. Saboda haka ma'aikacin da ya ga dattijo ya dafe ƙirji ya yi tunanin zuciya bai yi laifi ba. Wani kuma zai ce, Malam, a inda elektiro ɗin ma sai an sha tafiya, inda manyan wuraren aikin zuciya da aka sani suke can kudu, Yaunde da Duwala da cibiyar Shisong da aka buɗe a 2009 kusa da Kumbo, ai namiji talaka ma mutuwa yake yi, mene ne na ware mata? Na yarda talakan ƙauyen Fitowa ko Lagdo bai fi Gwaggo gata ba. Amma inda abu ya yi kaɗan, nan ne ake ganin wanda ake fara miƙa wa. A gida ɗaya, da aljihu ɗaya, na ga an sayi tikitin jirgi, na kuma ga an jiƙa kanwa.

Alhaji ba azzalumi ba ne, kada a fahimce ni a karkace. Ya yi kuka kamar yaro ranar da likita ya yi mana bayani, ya sayar da shanu don maganinta. Abin da ya raba su shi ne inda ciwon ya same su. Namiji a waje yake, cikin mutane, da kuɗi a aljihunsa, da abokai masu mota, kuma in ya ce wayyo ba wanda zai ce ya cika raki. Mace tana cikin gida, daga ita sai yara, kuɗin da ke hannunta na adashe ne ko na cefane, kuma tun tana ƙarama aka koya mata cewa mace ta gari ba ta faɗin ciwo. Wadda aka yaba wa don ta haihu ba a ji muryarta ba, ita ce za ta tashi unguwa da dare saboda nauyin ƙirji? Sannan ga maganar izini. Na tabbata da an samu Alhaji a waya cewa zai yi a kai ta maza-maza. Amma ita ba ta ga ciwon ya kai a fita ba da saninsa ba, mu kuma ba mu taɓa zama mun faɗa da baki cewa in rai na cikin haɗari ba a jiran kowa ba. Malamanmu sun san ƙa'idar lalura fiye da ni. Ina roƙonsu su faɗe ta a wa'azin mata da na maza, su kira ciwon ƙirji da sunansa, su kuma haɗa da cewa buɗe ƙirji gaban ma'aikacin lafiya don awo ba zubar da mutunci ba ne. Masu cewa lokaci ne ya yi kuwa, gaskiya ne ba mai wuce ajalinsa. Sai dai ban ji wanda ya faɗi haka a majalisa ranar da Alhaji ya faɗi ba. Mota aka nema.

Hukuma ma tana da nata kason. Tun 2015 aka kawo shek sante a jihohinmu uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa: mai ciki ta biya sefa 6,000, a duba ta har haihuwa, ko da tiyata ce, har kwana 42 bayan ta sauka. Abu ne mai kyau, ya ceci matan da na sani. Amma dubi abin da yake nunawa game da yadda muke kallon lafiyar mace. Tana da daraja a asibiti muddin akwai ciki. Da ta yi arba'in, an rufe karne. Da ta daina haihuwa kuwa, daidai lokacin da al'ada ke ɗaukewa, kariyar da jikinta ke ba jijiyoyinta ke raguwa, ba wanda ke sake kiranta awo. Alhali tun a ɗakin awon ciki aka ga alamar. Macen da ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga, haɗarin ciwon zuciyarta a gaba ya kai kusan ninki biyu. Ciwon suga kuma ya fi ƙara wa mace haɗarin toshewar jijiya fiye da yadda yake ƙara wa namiji. Gwaggo ta yi jijjiga a haihuwarta ta fari, kowa a dangi ya san labarin, amma ba a taɓa ce mata abin zai biyo ta bayan shekara talatin ba. Ko ciwon zuciyar da duniyar likitoci ta san matan Hausawa da shi, wanda aka bayyana a Zariya a shekarun 1970 aka daɗe ana zargin kunun kanwa da wankan jego a kansa, shi ma na masu jego ne. Kamar dai zuciyar mace ba ta shiga lissafi sai da jariri a gefe.

Ba sai an gina mana cibiyar tiyatar zuciya a kowane gari kafin a motsa ba. Kusan babba ɗaya cikin uku a biranen Kamaru yana da hawan jini, saboda haka na'urar elektiro a asibitin gunduma ba almubazzaranci ba ce, kuma yau ana ɗaukar hoton takardar da waya a tura wa likitan zuciya ko yana Yaunde ya karanta. A koya wa mata ma'aikata liƙa wayoyin, a sa labule, awa gudan da muka ɓata ba za ta sake ɓacewa ba. A jihar Fulorida ta Amurka an bi masu bugun zuciya sama da 580,000 daga 1991 zuwa 2010, aka ga mata sun fi rayuwa a hannun likita mace, likita namiji kuma hannunsa ya fi kyau a kan mata in yana aiki tare da mata da yawa. Mu da muke cire 'ya'yanmu mata daga makaranta sannan mu ce sai mace za ta duba matanmu, sai mu zauna mu yi wannan lissafin.

Kalmar gastirik kuwa, olsa a bakin 'yan'uwanmu na Najeriya, ta zama kwandon da ake zuba duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya. Mugun abin da ke cikinta shi ne, asfirin ɗin da ake ba mai bugun zuciya ya tauna tun da farko, shi ne maganin da ake hana mai gyambon ciki. Da zarar an liƙa wa mace wannan sunan, an nesanta ta da awon, an kuma nesanta ta da ƙwayar da ta fi komai araha a farmasi. Ina ganin mace mai shekara 45 zuwa sama, mai suga ko tansiyo, in ta zo da nauyin ƙirji da zufa, bai kamata wani ya rubuta mata gastirik a karne ba sai ya ga takardar elektiro da idonsa.

Watan jiya mahaifiyata ta ce ƙirjinta na mata zafi bayan ta ci ɗanwake da yaji. Ta ga na miƙe ina neman makullin moto, ta ce, "Kai, zauna, ba komai." Na ce, "Inna, ku yi haƙuri ku sa mayafi." Muka je, na roƙi a nemo mace, aka samu, aka liƙa wayoyin. Takarda ta fito lafiya lau, likitan ya ce mu zauna a sake awon bayan ɗan lokaci, aka sake, nan ma lafiya. Gastirik ɗin ce dai. Tun daga ƙofar asibiti har gida tana bayana a kan moto tana yi mini faɗan kuɗin cefanen da na ƙona a banza, ta kuma ce gobe ma ɗanwaken za ta ci.